Mudun Daƙiƙa

Ƙarfe biyun dare a Valparaíso,
hazon teku ya hawo tudu ya zauna a tagata.
Na gama yanka, na gama ɗinki:
minti goma sha ɗaya daga ranar ƙarshe
da Baba Eleuterio ya tuƙa akwatin ƙarfen nan
mai hawa da mutane a kan igiya.
Shekara talatin da huɗu: sama, ƙasa, sama.

Saura fitarwa. To, a nan gizo ke saƙar.

Na farko ya fito gigabait tara.
Nibaldo daga Malmö ya ce,
"Ximena, giwa za ki turo ta ƙofar akurki?
Wayata ta cika da hotunan yara. Rage shi."

Na buɗe shafin saiti.
Ga H.264, ga ƙanensa mai ƙarin wayo
wanda tsohuwar wayar Gwaggo Fresia ba ta jin yarensa.
Na ɗauki yayan. Tsohon hannu, kowa ya san shi.
Tsayin hoto, dubu ɗaya da tamanin, na bar shi.
Firam talatin na ɗauka a daƙiƙa;
jiya na mai da su ashirin da huɗu, wai burgar silima,
sai ga akwatin Baba yana tuntuɓe
a hanyar da bai taɓa tuntuɓe ba.
Na ji kunya, na mayar.

Sai mudu.
Kowace daƙiƙa da awonta,
inji na tambaya: nawa zan zuba mata?
Na yi rowa. Na ce biyu.
Fanka na nishi, koren zare na rarrafe,
shayina ya huce, na sha shi haka.
Na kunna.

Teku ya koma tabarma mai layi-layi.
Gidajen tudu, ja da ɗorawa da shuɗi,
sun jiƙe sun shige juna.
Fuskar Baba kuwa,
daidai inda ya waiga ya dubi birki bai ce uffan ba,
ta farfashe gida-gida kamar tayil ɗin banɗaki.
Tabon da waya ta bar masa a haɓa
babu shi.

An ce injin ba mugu ba ne, tattali gare shi:
yakan adana hoto guda cikakke,
daga nan sai abin da ya motsa yake rubutawa.
Abin da ya tsaya cik, ya ce, "Duba na baya."
Abin da ke cikin duhu, ya ce ido ba zai yi kewarsa ba.
Wa ya gaya masa?
Mutumin nan a duhun ɗakin inji ya tsufa,
kuma ba mai yawan motsi ba ne.

Na ƙara mudu. Takwas.
Na ce ya zaga sau biyu:
na farko ya ga inda ake yunwa,
na biyu ya raba.
Ya rage wa sararin sama, ba abin da ke faruwa a can,
ya ƙara wa hannun da ke kan ƙarfe.
Sauti kam ban taɓa ba.
Kukan igiya, ƙararrawa,
ɗan tarin da yake yi kafin ya ce a rufe ƙofa:
wannan ba na ciniki ba ne.

Megabait kusan ɗari bakwai.
Na raɗa masa suna: baba_karshe_na_gaske_3.
Giwar kuma na kwafe ta a faifai biyu,
ɗaya a gwangwanin biskit, ƙarƙashin rasitan wuta.

Gari na wayewa ya fito da silifa,
ya saba tashi, ko da ba inda za shi.
Ya tsaya a bayana.
Na jira ya ga tabonsa ya dawo,
ya ga gashin girarsa ɗaya-ɗaya.

Bai ko dubi allon ba.
Ya karkata kunne, ya ɗaga yatsa.
"Mayar baya kaɗan. Nan. Kin ji?
Igiyar hagu na son mai.
Na gaya wa yaron nan tun ranar Talata."